Yadda na haɗa rumbun bayanan Islamiyyarmu a GitHub Codespaces

Ni ne sakataren wata makarantar Islamiyya ta unguwa, kuma duk abin da ya shafi rajistar ɗalibai da kuɗin wata a hannuna yake. Da littafi muka fara, daga baya muka koma Excel, har fayil ɗin ya kai matsayin da yaro ɗaya zai fito sau uku da rubutu iri uku: nan Abdullahi, can Abdullah, wani wurin Audu. In Malam ya ce a kawo masa sunayen waɗanda ba su biya kuɗin wata ba, sai na kwana ina bin layi da yatsa. Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta ne ya ce abin da muke bukata shi ne rumbun bayanai mai alaƙa, wato wanda ake raba bayanai tebur-tebur, sannan a ɗaure su da lambobi. Matsalar ita ce kwamfutata tsohuwa ce, ko burawuza aka buɗe da shafuka da yawa sai ta fara nishi. Sai ya ce, "Kawu, ba sai ka saka komai a kanta ba. Akwai kwamfutar da za a ba ka aro a intanet, taka allo ce kawai." Na rubuta wannan ne domin wanda zai bi hanyar bayana, saboda yawancin darussan da na gani suna ɗauka cewa a kan kwamfutarka kake aiki, kuma a nan ne mai koyo ke ɓacewa.

Wannan kwamfutar aro ita ce Codespaces, kuma matakin farko buɗe asusu ne a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. Ana bukatar imel, kalmar sirri da sunan da za a san ka da shi, sai wani ɗan wasan tantancewa don a tabbatar mutum ne, sannan a aiko maka da lamba ta imel. Ba a tambaye ni katin banki ba, wanda shi ne abin da na fi fargaba, don kowa ya san wahalar biyan dala da katin naira. Nan take na kunna tabbatarwa ta biyu da manhajar waya, tunda tun 2023 kamfanin ya fara wajabta ta ga masu saka aiki a dandalin. Za a ba ka wasu lambobin ko-ta-kwana. Ka rubuta su a takarda ka adana, domin ranar da waya ta ɓace su ne mabuɗinka. Daga nan na ƙirƙiri ma'ajin aiki, abin da suke kira repository, na sa masa suna makaranta. A wurin akwai zaɓi tsakanin Public da Private. Na zaɓi Private, domin aikin da zai taɓa sunayen yara da lambobin iyayensu ba na baje wa duniya ba ne. Na kuma sa alama a akwatin da ke ƙara fayil ɗin README, saboda ma'ajin kada ya zama fanko.

Kafin in danna komai, ɗan yayata ya zaunar da ni a kan lissafin kyauta, kuma ya kyautu kowa ya fahimce shi tun farko. Asusun kyauta yana samun awa 120 na ƙwaƙwalwa (core, wato injin lissafin kwamfuta) a wata da gigabait 15 na ajiya. Amma ƙaramar na'urar da ake bayarwa ƙwaƙwalwa biyu gare ta, don haka kowace awa ɗaya da ka yi biyu ake cire maka. Awa 60 ke nan a zahiri. In ka zaɓi mai ƙwaƙwalwa huɗu, sun koma 30. Mai koyon SQL, wato harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, ba shi da abin yi da babba. In awannin suka ƙare ba a bin ka bashi, rufe maka ake yi sai wata ya zagayo, matuƙar ba kai ka saka kati ka ɗaga iyakar kashewa ba. Ana ma aiko da imel in ka ci kashi 75, da 90, da 100. Ɗalibin da ke da shaidar makaranta yana iya neman GitHub Student Developer Pack, wanda ke ƙara awannin zuwa 180. Kuɗin da ya fita daga aljihuna na data ne kawai da na cajin kwamfuta a shago ranar da babu wuta.

A shafin ma'ajin akwai koren maɓalli mai suna Code. In ka danna za ka ga gefen Codespaces, sai ka danna na ƙirƙira. Wani sabon shafi ya buɗe yana ta juyi, na zauna ina kallo ina tunanin ko layina ne ya tsaya. 'Yan mintuna kaɗan sai ga VS Code, manhajar rubuta shirye-shiryen kwamfuta, cikin burawuza: jerin fayiloli a hagu, wurin rubutu a tsakiya, baƙin akwatin umarni a ƙasa, wanda ake kira taminal. Abin da ban gane ba sai da aka yi mini bayani shi ne, wannan akwatin ba da kwamfutata yake magana ba. Wata na'ura ce mai Linux a wata cibiya a Turai. Duk abin da na sauke can yake sauka, da saurin intanet ɗinsu, ba da datata ba. Wannan ya faranta mini rai sosai.

Sai zaɓin wane rumbu. SQLite ya fi sauƙi, fayil ɗaya ne tak, babu saba (server, manhajar da ke zaune tana amsa umarni) babu kalmar sirri, kuma tun shekarar 2000 da D. Richard Hipp ya fitar da shi ya shiga kusan kowace wayar hannu. Amma na zaɓi PostgreSQL, wanda asalinsa aikin Jami'ar California ta Berkeley ne ƙarƙashin Michael Stonebraker, don ina so in ga yadda ake mu'amala da saba ta gaske, kuma yana da tsauri wajen ƙin karɓar bayanin da bai dace da gurbinsa ba. A taminal na rubuta `sudo apt update`, na jira ya gama, sannan `sudo apt install postgresql`. Ya tambaya ko in ci gaba, na danna Y. Rubutu ya yi ta gudu, ya tsaya, babu wata murna ko sanarwa. Haka Linux yake: in bai yi ƙorafi ba, aiki ya yi.

Daga nan aka shiga ramuka uku a jere, kuma su ne ainihin dalilin wannan rubutu. Na rubuta `psql`, umarnin da ake shiga rumbun da shi, sai ya ce ya kasa haɗuwa, yana tambaya ko sabar tana aiki. Saukewa daban, kunnawa daban. Darasin da nake bi ya ce a kunna da `sudo systemctl start postgresql`, na rubuta, sai amsa ta dawo cewa ba a tayar da wannan na'ura da systemd ba. Dalili shi ne Codespaces cikin kwantena yake gudana, wato wani keɓaɓɓen ɗaki a cikin wata na'ura, ba cikakkiyar kwamfuta ba ce, don haka wancan umarnin ba shi da wurin zama. Wanda ke aiki shi ne `sudo service postgresql start`. Da na buga shi, a kusurwar allo wani saƙo ya leƙo cewa akwai abin da ke aiki a tasha ta 5432, da maɓallin buɗewa a burawuza. Kada ka wahalar da kanka da shi. Wannan ita ce tashar da PostgreSQL ke saurare, amma ba shafin intanet yake bayarwa ba, babu abin da za ka gani.

Rami na biyu: na sake buga `psql`, ya ce babu wani mai amfani da ake kira codespace. Wato sabar ta tashi, amma ba ta san ni ba. Mutum ɗaya ta sani, shi ne postgres. Rami na uku yana manne da shi. Kusan kowane darasi zai ce ka shiga da `sudo -u postgres psql`. Da na buga, sai aka tambaye ni kalmar sirri. Wace? Na gwada ta GitHub, ba ita ba ce. Na kira ɗan yayata cikin dare, ya yi dariya ya ce, "Kawu, babu ita ne gaba ɗaya. An ba ka izinin zama root, wato babban mai iko a na'urar, ba tare da kalmar sirri ba, amma ba a ba ka na zama wani kai tsaye ba. Ka bi ta root ɗin." Hanyar ita ce `sudo su - postgres`. Nan take sunan da ke farkon layi ya canza. A nan na buga `createuser -s codespace`, sannan `createdb -O codespace makaranta`, sai `exit` don in dawo matsayina. Yanzu `psql makaranta` ya buɗe ba tambaya, alamar `makaranta=#` ta fito tana jirana. Na daɗe ina kallonta, don rabon da wani abu ya ba ni wuya haka tun ina koyon tuƙi.

Shawarar da ta fi kowace amfani a nan ita ce kada ka rubuta tsarin teburanka kai tsaye a cikin psql. Ka buɗe fayil a gefen hagu, ka sa masa suna kamar tsari.sql, ka rubuta komai a ciki, sannan ka gudanar da shi da `psql makaranta -f tsari.sql`. Za a ga dalili nan gaba. Tebur uku na yi. Na azuzuwa yana da lamba da sunan aji. Na ɗalibai yana da lamba, suna, wayar waliyyi, da lambar ajin da yaron yake. Na biya yana da lambar ɗalibi, adadin kuɗi da watan da aka biya wa. Sunan yaro wuri ɗaya kawai yake zaune. Ko sau nawa aka biya masa, lambarsa ce ke maimaituwa, ba sunansa ba. Wannan shi ne tunanin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya kawo a 1970, kuma shi ne maganin Abdullahi da Audu. Kalmar REFERENCES ce ke ɗaure teburan. Don in gwada, na saka biya ga ɗalibi mai lambar da babu shi, sai rumbun ya ƙi, ya ce an saɓa wa ƙa'idar mabuɗi. Excel da ya karɓa ya yi shiru. Sunayen tebura da na gurabe kuwa na rubuta su ba ƙugiya, dalibai maimakon ɗalibai, don sauƙin bugawa. Bayanan ciki ne na bar su da cikakken rubutun Hausa.

Gurbin waya da na kuɗi suna bukatar lura. Lambar waya lamba ce a ido, amma in ka ba ta nau'in INTEGER abu biyu za su faru. Sifirin farko zai ɓace, sannan lambobinmu na Najeriya masu guda 11, ko an cire sifirin, sun zarce iyakar wannan nau'i, wadda ita ce 2,147,483,647, sai a ce maka ta fita daga iyaka. Ba a tara lambobin waya ko a raba su, don haka TEXT ne wurinsu. Kuɗi kuma NUMERIC ake ba shi, ba nau'in da ke ƙiyasta ɗigo ba, saboda kada a tara a ga kwabo ya yi ƙafa. Wata kuwa na ba shi DATE, ina saka ranar ɗaya ga watan, a tsarin shekara, wata, rana.

Abin da babu darasin Turanci da ya gargaɗe ni a kansa shi ne sunayenmu. A SQL, rubutu ana kewaye shi da waƙafin sama guda ɗaya a kowane gefe. To ga Sa'adatu, ga Isma'il, ga Mu'azu, ga Rabi'atu, rabin rajistarmu ke nan. Na buga layin saka Sa'adatu, na danna Enter, babu abin da ya faru. Babu kuskure, babu nasara. Na sake danna Enter, shiru. Sai da na kalli farkon layin da kyau na ga alamar ta tashi daga `makaranta=#` ta koma `makaranta'#`. Wato psql ya ɗauki waƙafin da ke tsakiyar sunan a matsayin rufewa, na ƙarshen kuma a matsayin sabuwar buɗewa, yana nan yana jiran in rufe. Ctrl da C ne ke fitar da kai. Gyaran shi ne a ninka waƙafin cikin sunan, a rubuta 'Sa''adatu', rumbun zai adana shi da guda ɗaya daidai. Wannan alamar farkon layi tana magana in ka iya sauraronta: in ta zama `makaranta-#`, ka manta waƙafi mai ruwa na ƙarshen umarni ne, ka buga shi kawai ka danna Enter.

Ganin yawan sunayen, ban ci gaba da saka su ɗaya-ɗaya ba. Na gyara fayil ɗin Excel, na adana shi a nau'in CSV UTF-8, ba CSV na gama-gari ba, domin shi ne ke riƙe ƙ da ɗ da ɓ ba su koma alamar tambaya ba. Na jawo fayil ɗin da linzami na sake shi a jerin fayilolin hagu, ya hau. A cikin psql na buga `\copy` da sunan tebur da gurabensa da sunan fayil, na ƙara CSV HEADER a ƙarshe don ya tsallake layin kanu. Ta wannan hanyar waƙafin Sa'adatu ba ya kawo matsala ko kaɗan. Abin lura, in layi ɗaya ya lalace, duka ake ƙi, amma ana faɗa maka lambar layin. Kafin duk wannan ka buga `\l` ka tabbata an rubuta UTF8 a gaban sunan rumbunka. Da na jera sunaye da ORDER BY, sai na ga Ɗahiru da Ɗanladi da Ƙasimu sun gangara can ƙasa bayan Zainab. PostgreSQL yana da tsarin jeri na harsuna, har da na Hausa. Da na ƙara `COLLATE "ha-x-icu"` a bayan sunan gurbin, Ɗ ta dawo bayan D, Ƙ bayan K, yadda muka koya a firamare.

Ranar da na kai wa Malam sakamakon farko, tambayarsa ta kullum na amsa. Da LEFT JOIN na haɗa teburin ɗalibai da na biya, na ce a nuna waɗanda ba su da layi a watan, jerin ya fito kafin in ɗauke hannu. Ya duba ya ce, "Malam Sakatare, wannan yaron ai maraya ne, ba ma karɓa a wurinsa." Na ce, "Allah gafarta Malam, sai mu ƙara gurbin da zai nuna wanda aka yafe wa." ALTER TABLE ya yi wannan a layi ɗaya, na kuma koma na ƙara shi a tsari.sql. Wajen gyare-gyare irin wannan ɗan yayata ya koya mini wata ɗabi'a: kafin UPDATE ko DELETE, ka buga BEGIN. In adadin layukan da aka ce an taɓa ya fi abin da kake zato, ROLLBACK zai mayar da komai. In daidai ne, COMMIT. UPDATE da babu WHERE kowane yaro a makarantar zai shafa, kuma babu maɓallin komawa baya.

Washegari na buɗe, na buga `psql makaranta`, sai ga kuskuren farko ya dawo, wai babu saba. Gabana ya faɗi, na ɗauka komai ya tafi. Ba abin da ya tafi. Na'urar tana kashe kanta in ta yi minti 30 ba a taɓa ta ba, kuma in ta tashi ba ta tayar da PostgreSQL da kanta. `sudo service postgresql start` kawai, bayanai suna nan. Wannan minti 30 ɗin yana da wani gefe: rufe shafin burawuza ba ya kashe na'urar, tana ci gaba da cin awanninka har lokacin ya cika. In ka gama, ka je github.com/codespaces ka tsayar da ita da hannu, ko ka rage lokacin a saituna, ana iya sa shi daga minti 5 zuwa 240. In layi ya yanke ko aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, wanda ya faru da ni ba adadi, na'urar can ba ta san an yi ba. Ka dawo ka sake haɗawa, fayilolinka na nan.

Inda bayanai ke tafiya da gaske wuri biyu ne. Na farko, na'urar da aka tsayar aka bari kwana 30 ba a buɗe ba, goge ta ake yi. Akan aiko da imel kafin nan, amma wa ke duba imel lokacin hutun azumi? Na biyu, in ka sake gina kwantenar, abin da suke kira Rebuild, babban fayil ɗin /workspaces ne ke tsira. PostgreSQL kuwa a /var/lib/postgresql yake ajiye bayanansa, waje da wannan iyaka, don haka shi da teburansa duk za su tafi. Zanen aro ba ya rufe katara. Naka shi ne abin da ka rubuta a fayil ka tura ma'ajinka, ko ka sauke a kwamfutarka. Wannan ne amfanin tsari.sql. Na tura shi ta gefen Source Control: a rubuta ɗan bayani, a danna Commit, a danna Sync. Na kuma ƙirƙiri fayil ɗin devcontainer.json a cikin .devcontainer, na sa umarnin saukewa a postCreateCommand, na kunnawa a postStartCommand, daga lokacin da aka sake gina kwantenar sabar ke tashi da kanta.

Bayanan yaran kuwa ban tura su ma'ajin ba, ko da yake Private ne. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023, kuma ko babu doka, amana ce. Na sa sunan fayil ɗin CSV da na kwafin rumbu a cikin .gitignore don kada su bi sahu cikin kuskure. Kwafin da `pg_dump makaranta > ajiya.sql` nake fitar da shi, in danna dama a kansa, in zaɓi Download, in ajiye a filas. Da zan sake farawa, da sunayen ƙirƙira zan yi duk koyon, sai abin ya zauna sannan in taɓa na gaske.

Codespaces wurin koyo da gini ne, ba wurin da makaranta za ta dogara da shi kullum ba, tunda yana barci kuma awanninsa ƙidayayyu ne. Da tsarin ya kammala, muka saka PostgreSQL a kwamfutar ofis, wadda ba ta bukatar intanet. A nan ma akwai ɗan tuntuɓe na ƙarshe: kwafin yana ɗauke da sunan codespace a matsayin mai teburan, kwamfutar ofis kuwa ba ta san wannan suna ba, sai ta yi ta jero ƙorafi. Ka fitar da kwafin da `pg_dump --no-owner makaranta > ajiya.sql`, ka tabbata sigar PostgreSQL ta inda za ka kai ba ta gaza ta inda ka ɗauko ba, ka ƙirƙiri rumbu fanko, sannan ka loda da `psql makaranta -f ajiya.sql`. Bayan nan ka buga `SELECT count(*) FROM dalibai;` a ɓangarorin biyu, ka ga adadin ya zo ɗaya kafin ka goge na'urar aron.